Wa ya ce wannan layin ja ne, wancan shuɗi? Tarihin launin hanya daga Landan zuwa Sheme

1/ Legas na da shuɗin layi da jan layi. Abuja na da rawaya da shuɗi. Riyad na da layi shida, kowanne da launinsa. To wa ke zama ya raba wa layukan jirgin cikin gari launi, kuma da wace hujja? Na bi tarihin abin, kuma ya shafe mu 'yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa fiye da yadda kuke zato. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Na san wani zai ce, "Kai da ko titin garinku ba a gama gyarawa ba, ina ruwanka da jirgin ƙarƙashin ƙasa?" Da gaskiyarka. Amma maganar launi magana ce ta yadda baƙo zai gane hanya ba tare da ya dogara da bakin wani ba. Wannan kuwa matsalarmu ce ta yau da gobe. Ka dai biyo ni.

3/ Mu fara daga Landan. Ranar 10 ga Janairun 1863 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, daga Paddington zuwa Farringdon. Da gawayi yake aiki, hayaƙi cike da rami. Daga baya kamfanoni daban-daban suka yi ta haƙa nasu layin, kowa na gasa da kowa, kowa da taswirar da ke fifita nasa.

4/ Sai a 1908 kamfanonin suka ga rarrabuwar na cin kasuwarsu, suka fitar da taswira ɗaya ta haɗin gwiwa, kowane layi da launinsa. Ku lura da dalilin farko: don a bambanta wannan da wancan ne kawai. Ba wata ma'ana mai zurfi. Kamar yadda ake ɗaura wa buhu ƙyalle a bayan mota don kar ya ɓace cikin na mutane.

5/ Matsalar ita ce a kan taswirar gari ta gaske aka ɗora layukan. Tsakiyar birni tashoshi sun cunkushe kamar tsakiyar kasuwa ran kasuwa, na bayan gari kuma sun yi nisa har takarda ba ta ɗauka. Sai wani mai zanen injiniya a ma'aikatar jirgin, Harry Beck, ya zo da wata dabara a 1931.

6/ Beck ya ce wanda ke cikin rami ba ruwansa da ko titin sama ya lanƙwasa. Abu biyu yake son sani: tasha nawa ta rage, kuma a ina zan canza jirgi? Sai ya miƙe layukan. Ko a tsaye, ko a kwance, ko a karkace daidai rabi. Ya buɗa tsakiyar gari, ya matse bayan gari. Kogin Thames kaɗai ya bari daga abin da ke sama.

7/ Da farko manyansa sun ƙi, wai ta yi baƙunta da yawa. A 1933 aka buga ta, mutane suka yi wawa a kai. Kusan duk taswirar jirgin cikin gari da ka gani yau, daga Tokyo har Legas, jikar ta Beck ce. Kuma tunda ya cire tituna da unguwanni, nauyin nuna hanya gaba ɗaya sai ya koma kan launi.

8/ Launukan ma ba su zauna lokaci ɗaya ba. A taswirar 1933 layin Bakerloo ja ne, Central kuma ruwan goro. Ja da ruwan goro a 'yar ƙaramar takarda, cikin hasken rami, ai sai mai ido. Ba a jima ba Central ya koma ja, Bakerloo ya koma ruwan ƙasa. Haka suke har yau. Ƙa'ida ta farko kenan: layukan da ke haɗuwa kar launinsu ya yi kama.

9/ Ƙa'ida ta biyu: in mutane sun saba, kar ka taɓa. A 2009 hukumar sufurin Landan ta cire kogin Thames daga taswira don rage cunkoso. Gari ya ɗauki surutu, magajin gari na lokacin, Boris Johnson, ya ce a mayar. Kafin shekara ta ƙare kogi ya dawo. Kan zanen kogi fa, ba kan kuɗin mota ba.

10/ Wani lokacin sarauta ce ke zaɓa. Layin Jubilee da aka buɗe a 1979 an ba shi ruwan azurfa, wanda a takarda yake fita ruwan toka, saboda bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gado a 1977. Turawa da azurfa suke kwatanta shekara 25. Mu da muka san dogari da ja da kore tun daga nesa, wannan ba baƙon abu ba ne.

11/ Mu tsallaka Amurka. A 1965 birnin Boston ya raba wa layukansa huɗu launi, har launin ya zama sunan layin. Bayanin da aka fi yaɗawa: ja don layin na zuwa Jami'ar Harvard, kuma ja ne launinta. Shuɗi don yana bi ta ƙarƙashin ruwan tashar jiragen ruwa. Kore don yana bin wuraren shaƙatawa masu itatuwa. Ruwan goro don wani tsohon titi mai suna Orange.

12/ Wannan ita ce ƙa'ida ta uku: in da hali, ka jingina launin da wani abu da mutanen gari suka riga suka sani. Launin da ke da labari ya fi zama a kai. Ko an manta sunan tasha, ba a manta cewa "wanda ke bi ta ruwa shi ne shuɗi."

13/ Niyok kuwa sai da suka yi rigima. A 1972 wani gwanin zane ɗan Italiya, Massimo Vignelli, ya fitar da taswira irin ta Beck, kowace hanya da nata launi. Masana zane suka yaba. Mutanen gari suka ce atafau: ruwa ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, lambuna ruwan toka, dogon lambun Central Park kuma ya koma kusan murabba'i.

14/ A 1979 aka sauya. Aka mayar wa ruwa shuɗinsa, aka kuma rage yawan launuka da wata dabara: duk jiragen da ke bin babban titi ɗaya a tsakiyar Manhattan su ɗauki launi ɗaya. Shi ya sa 1, 2, 3 duk ja ne, 4, 5, 6 kore, A, C, E shuɗi. Launi ya zama sunan gida, lamba ta zama sunan yanka.

15/ Dalili shi ne launi na ƙarewa. Ido na iya ganin launuka barkatai, amma waɗanda mutum zai kira da suna cikin sauri, yana gudu da kaya a ka, ba su da yawa. Landan ma ta ci karo da haka. A 2024 da ta raba layukan Overground gida shida, sai ta zana su da zare biyu a jere da fari a tsakiya, don kar su rikice da tsofaffin.

16/ Wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Meziko. Sun buɗe nasu a 1969, lokacin da mutane da yawa ba su iya karatu ba. Sai mai zane Lance Wyman ya ba kowane layi launi, kowace tasha kuma hoto. Tashar Chapultepec hoton fara ce, don sunan na nufin tudun fara a yaren Nahuatl. Tashar Candelaria kuma agwagwa.

17/ Wato tsohuwa daga ƙauye za a ce mata, "Ki hau mai ruwan hoda, ki sauka a fara." Shi kenan. Mu ma ai mun san wannan hikimar: ita ce ta sa takardar ƙuri'a ke ɗauke da tambarin jam'iyya. A Delhi ta Indiya har sawun ƙafa masu launi suke mannawa a daɓen tasha, ka bi sawun launin layinka har bakin jirgi.

18/ Ƙa'ida ta huɗu: launi kaɗai bai isa ba. Akwai makantar launi, inda mutum ba ya bambanta ja da kore sosai. A Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 na da ita, mata kuwa kusan ɗaya cikin 200. Shi ya sa Tokyo ta ƙara harafi da lamba ga kowace tasha a 2004, kamar G ga layin Ginza, M ga Marunouchi.

19/ To mu dawo gida. Legas ta so yin jirgin cikin gari tun zamanin Gwamna Lateef Jakande a 1983. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta soke aikin a 1985. Sai 4 ga Satumban 2023 shuɗin layi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tasha biyar. Shekara 40 tsakanin niyya da hawa.

20/ Jan layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo baya a 2024. Abin lura: a Legas launukan sun riga jiragen zuwa. Hukumar LAMATA ta daɗe da zana kore, shunayya, rawaya da sauransu a tsarinta tun ba a kafa ko ƙarfe ɗaya ba. Launi a takarda araha ne. Dogo ne mai tsada.

21/ Abuja kuma an ƙaddamar da nata a Yulin 2018: rawaya daga tsakiyar birni zuwa filin jirgin sama, shuɗi daga Idu zuwa Gbazango ta wajen Kubwa. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Shekara huɗu layukan na nan raɗau a taswira, ba jirgi a kai. Taswira ma takan yi alƙawarin ɗan siyasa.

22/ Amma kar mu ce ba mu da tsarin launi don ba mu da jirgi. Ka kalli lambar mota. Rubutu shuɗi, ta gida ce. Ja, ta haya. Kore, ta gwamnati. Baƙi, ta soja da masu kayan sarki. Ga kuma haruffa uku na ƙaramar hukuma: KKR Ƙanƙara, FSK Faskari, SBA Sabuwa, FTA Funtuwa. Launi da harafi tare, irin na Tokyo sak.

23/ Danfon Legas rawaya ce da baƙin zare biyu. Tasin Abuja kore. A Kano kuwa babur mai ƙafa uku ya ci sunan shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo su don ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sai ruwan ɗorawa ya mamaye titunan Kano.

24/ Fentin haya ba ado ba ne, shaida ce cewa motar na da rajista kuma akwai inda za a bi sawunta. Shi ya sa a Abuja ake ta jan kunnen mutane kan shiga motar da ba fenti, saboda 'yan "wan cans" masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi. Nan launi ya tashi daga nuna hanya ya koma maganar rai.

25/ Yanzu yankinmu. Jirgin ƙasa ba baƙonmu ba ne. Dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Amma ba don kakanninmu su je ziyara aka shimfiɗa shi ba. Auduga da gyaɗa aka biyo. Shi ya sa Turawa suka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari.

26/ Dogon ɗaukar kaya ba ya buƙatar launi. Buhun gyaɗa ba ya ɓata hanya, ba ya tambayar inda zai canza jirgi. Baƙin zare ɗaya daga gona zuwa bakin teku ya wadatar. Taswira mai launi tana zuwa ne ranar da hukuma ta fara ɗaukar fasinja a matsayin wanda ya cancanci a yi masa bayani.

27/ Ko sabon dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya ya bi. Arewacin jiha kenan. Mu na kudu har yanzu tasharmu ce jirginmu: Golf, Sharon, Hiace, kurkura da babur.

28/ Kuma muna da taswira, sai dai a kan 'yan kamasho da direbobi take. Su suka san cewa mai zuwa Sabuwa daga Ƙanƙara sai ya haɗa mota fiye da ɗaya, da inda zai sauka, da ƙarfe nawa mota ke daina tashi. Ilimi ne na gaske, Allah Ya saka musu. Amma ilimin da ke baki kaɗai, sai ka iya tambaya kuma ka dace da mai gaskiya.

29/ Ku tuna 2021. A ƙarshen Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu ukun. Hanya ta canza, waya ta mutu a lokaci guda.

30/ A irin wannan ranar Google Maps ba ta da amfani ko na sisi. Abin da zai yi aiki shi ne abin da Beck ya yi da alƙalami: zane a bangon tasha, manyan layuka, launi, hoto, wanda ɗaliba mai komawa makaranta ko tsoho mai kai mara lafiya Funtuwa zai kalla sau ɗaya ya gane inda zai zagaya.

31/ Sai dai in za mu yi, ba kwafar na Landan za mu yi ba, don launi a bakin Bahaushe yake rayuwa. "Ja" a wurinmu gida ne babba: jar ƙasa, jan ƙarfe, manja, jar dawa. In ka sa layi ɗaya ja, ɗaya ruwan goro, Inna za ta kira su duka ja. Kuskuren Landan na 1933 zai dawo mana sabo.

32/ Haka shuɗi mai duhu, da yawa baƙi za su ce. Rigar rini da aka buga har tana sheƙi ma "kore" ake kiranta, alhali shuɗi ce mai kama da baƙi. Sauran launukanmu kuwa da kwatance muke kiransu: ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan omo, ruwan ƙwai. Wato abin da Boston ta yi da dabara, mu a harshenmu yake tun asali.

33/ Ga kuma siyasa. Ka zana jan layi a Kano ka ga ko ba za a ce na 'yan jar hula ba ne. Duk launin da ya yi kama da na jam'iyya, gwamnati mai zuwa za ta so sake fenti, an karya ƙa'idar nan ta "in an saba kar a taɓa." Sai a zaɓi wanda zai wuce zaɓe lafiya.

34/ To ga nawa gwajin, ku gyara min. Layi na ɗaya: Funtuwa, Mairuwa, Sheme, Yankara, ya nufi Tsafe. Shuɗi mai haske, ruwan omo, saboda dam ɗin Mairuwa. Layi na biyu: Funtuwa, Ɗandume, Sabuwa. Ruwan ɗorawa, saboda masara da kasuwar hatsin Ɗandume.

35/ Layi na uku: Sheme, Ƙanƙara, Yantumaki, Dutsin-ma. Fari ya dace da shi saboda farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ita kanta ana sa irinta a haɗin fenti. Amma fari ba ya fita a farin bango. Sai mu ari dabarar Landan: baƙin zare biyu, fari a tsakiya. Na huɗu: Ƙanƙara, Mararraba, Malumfashi. Kore shar.

36/ Kowace tasha da hotonta, kamar Meziko. Sheme kan sa, saboda kasuwar dabbobi. Ɗandume buhu. Daudawa, duk layin da ya kai ta, curin auduga. Sunaye da boko da ajami, don akwai dubban mutanenmu da ajami ne karatunsu. Kowane layi kuma da lamba, saboda mai makantar launi.

37/ Kun lura ban ba kowa ja ba? Da gangan ne. A taswirorin gargaɗin tafiya da ƙasashen waje ke fitarwa, ja na nufin "kar ka je", kuma an sha shafa wa yankinmu shi gaba ɗaya, da manomi da ɗalibi da ɗan kasuwa. Ba zan ɗauki hanyar garin wani in liƙa mata ja na dindindin ba.

38/ Ja a ajiye shi gefe, a matsayin alamar da ake liƙawa a cire: yau an rufe nan, a zagaya ta can. Ran da aka buɗe a ɓamɓare, hanya ta koma launinta. Gari ya fi ƙarfin mummunan kwanan da ya gani.

39/ Wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Galan ɗin fenti kaɗan, mai zane ɗaya, da yardar shugabannin NURTW na kowace tasha, don su suka san hanyar kuma ba za ta zauna ba sai da su. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomin nan uku za su iya ɗaukar tasha ɗaya su gwada a hutu mai zuwa.

40/ 'Yan Faskari da Sabuwa, na san na tsallake hanyoyin ƙauyuka da yawa, ku jero su a ƙasa da launin da kuke so da dalilinku. Sharaɗi ɗaya: ya zama launin da kakarka za ta iya kira da suna ba tare da ta yi kame-kame ba. Masu iya zane a waya kuma, bismillah. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kai kowa gida lafiya.